Rodin da aka ɗaure wa motata ya raba ni da ƙanena

A shekarun da Kebbi ba ta daɗe da zama jiha ba, ni dillalin albasa ne a Aliero, kuma in faɗi gaskiya, mutum ne mai ji da kansa. Albasa ta yi mini rana, na je Makka na dawo, na koma sa babbar riga ko da rumbun albasa zan leƙa. Sai na ga ba abin da ya rage mini sai mota. Lokacin motocin Kwatano sun fara shigowa ta wajen Kamba, na sayi wata fara tas. Ban iya tuƙi ba, ban kuma ga dalilin koyo ba, tunda ina da ƙane uwa ɗaya uba ɗaya da ya daɗe yana jan motar haya tsakanin Jega da Maiyama. Na ce ya ajiye haya ya riƙe tawa, ya ajiye bai ko tambayi abin da zan riƙa ba shi ba. Magidanci ne da iyalinsa, amma tun da ya fara magana bai taɓa kirana da wani suna ba sai Yaya.

Akwai wani mai walda a Jega, a bakin hanyar da ke fita zuwa Aliero. Dattijo ne mai furfura, carbi ba ya barin hannunsa, muryarsa ƙasa-ƙasa, irin mutanen da za ka ce ko yatsa aka sa musu a baki ba za su ciza ba. Wata ranar kasuwa muka tsaya ya gyara mana ƙugiyar but. Ya zagaya motar yana ta sa mata albarka, sannan ya ja ni gefe kamar mai ba ni sirrin gado. Ya ce waɗannan motocin na Turai suna zuwa da wata tukunya a jikin salansa, a cikinta akwai wani abu kamar saƙar zuma mai tace hayaƙi, kuma a jikin abin akwai ƙarfe mai tsada da wasu baƙi daga kudu ke bi suna saye. Ya ce ɓarayi sun gane, mutum zai shiga kasuwa ya fito ya tarar an yanke masa. Wai tausayina yake ji, mota sabuwa haka. Maganin abin, in ji shi, a ɗaure tukunyar da rodi, a yi mata keji a liƙe da walda, yadda ko da zarto ɓarawo ya zo sai ya gaji ya tafi.

Washegari na kai masa motar da ƙafata, har da godiya. Ramin da yake shiga ya yi aiki a ƙarƙashin mota yana bayan wani shingen zana. Ya shimfiɗa mini tabarma a gindin dogonyaro can nesa, ya sa aka damo mini fura, ya ce wutar walda tana kashe ido, kuma bai dace babban mutum kamata ya tsaya cikin hayaƙi da wannan riga ba. Maganar ta yi mini daɗi, na miƙe ƙafa. Ƙanena ya ce shi zai tsaya a bakin ramin ya gani. Na harare shi, na ce a tsaya a kan dattijo yana aiki ai kamar an kira shi ɓarawo ne, na aike shi kasuwa ya sayo buhunan albasa. Bayan la'asar aka fito da motar. Mai waldar ya ce in duba aikin, ni kuwa na ga idan na durƙusa rigata za ta sha ƙasa, sai na ɗan sunkuya daga tsaye, na hango bakin rodi, na ce madalla. A hanyar komawa ƙanena ya ce kukan motar ya canza, ya yi kauri. Na ce masa ƙarfen da aka ƙara ne, ya tuƙa ya yi mini shiru.

Da a nan wautata ta tsaya da sauƙi. Sai na zama mai yi wa mutumin talla kyauta. Duk majalisar da na zauna sai na ba da labarin tukunya da ɓarayi, ina magana kamar ni na ƙera motar. Abokan cinikina da suka sayi irin tawa, na Kimba, na Dangamaji, na Jandutsi, duk ni na ja su zuwa gindin dogonyaron nan, aka shimfiɗa musu tabarma, aka dama musu fura. Ni kuma na ɗauki tsaro da gaske. Na rushe bangon gida aka faɗaɗa ƙofa don motar ta riƙa kwana ciki. In mun shiga kasuwa ba a barinta ita kaɗai, ƙanena ke zama a ciki cikin zafin rana yana gadi, ni ina rumfa ina shan inuwa.

Aka yi watanni a haka. Hayaƙin motar ya fara wari yana yaji a ido, har mai ɗakina ta daina yarda ta zauna a baya. Wata rana na je Birnin Kebbi, na nuna wa wani makanike. Ya shiga ƙarƙashi, ya ƙwanƙwasa tukunyar, ya ce wannan ai fanko ce. Ya buɗe ta a gabana. Babu saƙar zuma babu alamarta, sai soson ƙarfe irin na wanke tukwane da aka cusa don kada ƙara ta yi yawa. Kuma kun san inda na nufa da kukana? Wurin mai waldar. Ya yi salati, ya tafa hannu, ya shiga ramin ya daɗe, ya fito yana girgiza kai. Ya ce wannan waldar ba tasa ba ce, an yanke rodinsa an mayar, kuma aikin ba na tsaye-tsaye ba ne, sai wanda motar ta wuni a hannunsa. Sannan ya tambaye ni a hankali ko motar ta taɓa yin nesa da idona. Na tuna ƙanena ya taɓa tafiya da ita Maiyama ta'aziyyar surukinsa, ya kwana biyu. Munafukin bai ambaci sunan kowa ba. Ya ja carbinsa kawai, ya ce Allah ya kyauta, zamani ya lalace.

Ban jira mun isa gida ba. Da ƙanena ya tsaya da motar a kasuwar albasa sai na tare shi, gaban masu dako da direbobin da suka yi haya tare, na kira shi ɓarawo, na ce na ɗauke shi daga wahalar tasha ya saka mini da cin amana. Ya ce mini in bari mu je gida mu yi magana. Na ce a nan za a yi ta, kuma sai ya dafa Alƙur'ani. Dattawan wurin suka ba ni baki, na ƙi. Ya je ya yi alwala, ya dawo ya rantse. Ya ajiye makullin motar a kan buhun albasa ya juya. Cikin makon ya kwashe iyalinsa ya koma Maiyama. Mahaifiyarmu ta kira ni ta tambaye ni ko da idona na gani, na ce mata ita ba ta san sha'anin mota ba. Har yau in na tuna wannan amsar sai in ji kamar in nutse.

Bayan damina abokina na Kimba ya daki dutse da motarsa a hanyar gona, tukunyar ta tsage, soson ƙarfe ya leƙo. Shi kuwa da kansa yake tuƙi, bai taɓa ba kowa aron motarsa ba. Sai kowa ya ruga aka buɗe tasa. Duk wanda na kai gindin dogonyaron nan, keji lafiya lau, tukunya fanko. Muka taru muka je masa. Ko gezau bai yi ba. Ya bari muka gama hayaniya, sannan ya tambaye mu wanene a cikinmu ya ga abin da ke cikin tukunyarsa kafin ya kawo masa. Ya ce ƙila haka motocin suka zo daga Kwatano. Muka kalli juna, manyan alhazai da manyan riguna, babu wanda ya taɓa durƙusawa ya leƙa ƙarƙashin motarsa. Haka muka watse. Mutumin ya ci gaba da sana'arsa, yana sahun gaba a masallaci, in mun haɗu har shi ke fara miƙo hannu. Ban taɓa raina ɗan Adam kamar yadda na raina shi ba, in ban da kaina.

Na shirya, na sa wani direba ya kai ni Maiyama neman gafara. Na zaci zai zage ni, na ma so ya zage ni. Sai ya shimfiɗa mini tabarma, ya sa aka kawo ruwa da abinci, ya yi mini sannu da zuwa, ya kira ni Alhaji. Na faɗa masa komai, na ce ya yafe mini. Ya ce ya yafe tun ranar, Alhaji kada ya damu. Na miƙa masa makulli na ce ya dawo, ya ce ya gode, haya ta karɓe shi. Da na tashi tafiya ya rako ni, amma da muka kusa motar sai ya ja ya tsaya nesa, ya harɗe hannuwansa a baya. Na gane abin da yake nufi: kada gobe wani abu ya ɓace a ce ya taɓa.

Shi ya sa na rubuto muku wannan labari, ku masu karatu. Wanda duk ke da mota, in za a taɓa salansarta ya tsaya a kai, ya cire rigar in ta dame shi, ya durƙusa ya gani kafin aiki da bayan aiki, ya sa a yi wa tukunyar alamar da shi kaɗai ya sani. Mai aikin kirki ba ya jin haushin a kalle shi. Ku yi hattara da wanda ya fara tsorata ku sannan ya ce maganin yana hannunsa, kuma kada furfura da carbi su hana ku tambaya. Sama da duka, kada ku ɗora wa naku laifin da ba ku gani ba don wani baƙo ya girgiza kai. Motar ta daɗe da zama ƙarfen gwangwan, kaji ke kwana a cikinta. Ƙanena kuwa yana nan da ransa, muna haɗuwa a suna da jana'iza, yana gaishe ni da ladabi kamar yadda ake gaida baƙo. Mun tsufa yanzu, kuma tun ranar kasuwar nan ban sake jin Yaya daga bakinsa ba.