Lanƙwasa a Sunan Malam

Duk Basirka an san Fa'izu ɗan Malam Sada da karambani. Tun yana ƙarami ba a ajiye rediyo kusa da shi a dawo a tarar da ita da hanjinta a ciki. Ya girma, ya gaji aji a Islamiyyar mahaifinsa, yana noman riɗi da damina, amma hannun nan bai daina ƙaiƙayi ba. Ni dai ban taɓa ganin mai murnar lalacewar abu kamarsa ba, don ya samu na kwancewa.

Da Malam ya rasu bara, abin da ya bari mafi daraja kaset-kaset ne na tafsirinsa na azumi, duk sun fara cinyewa. Fa'izu ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya kwashe muryar zuwa katin waya, suna tsinkewa a hannunsa har na ƙarshe. Sai ya samo wata 'yar kwamfuta da ba ta fi faifan tuwo ba, ya ce zai mai da ita saba, wato rumbun da kowa a gidan zai ɗebi karatu da wayarsa. Ya kuma yi wa mahaifiyarsa Inna Fatsuma alkawari: ran ɗaya ga azumi bayan la'asar, za ta ji Malam kamar yadda ta saba.

Ba shi da talabijin ko kibod na danna baƙaƙe da zai jona mata, don haka ya hau mota zuwa shagon abokinsa Safiyanu a Birnin Kudu. Nan suka ɗora mata manhajar da za ta tafiyar da ita. Da aka zo zaɓen harshen kibod ya ga Hausa a jere da manyan harsuna, sai da ya miƙe tsaye don daɗi. Ya zaɓe ta, ya sa sunan mahaifinsa a matsayin suna da kalmar sirri, ya juye karatun kaf a ciki. Har hoton allon ya ɗauka ya tura wa matarsa Nasiha, ya dawo gida bakinsa har kunne.

Ranar alkawari ya jona ta da batirin sola, ya kunna wayfai, 'yar fitilarta ta kawo shuɗi. Ya rubuta kalmar a wayarsa. Ta ƙi. Ya sake da manyan baƙaƙe, ya sake da ƙanana, ya sauya waya, ya cire igiya ya hure ta ya mayar. Ta ƙi fur, sai ka ce ba ita ce jiya take masa biyayya ba. Ya kira Safiyanu, shi kuwa ya ce a dawo da ita a goge komai a fara daga farko. Ga shi kuwa Fa'izu saboda zumuɗi ya riga ya share katin wayar da ya tara karatun. Muryar Malam ba ta ko'ina yanzu sai cikin wannan 'yar aba.

Rana ta karkata. Inna ta shimfiɗa tabarma a zaure, maƙwabta mata sun fara shigowa. Fa'izu, ga ƙishi ga gumi, yana ta zagaye ɗaki yana yi wa kwamfuta faɗa kamar mai ji.

Nasiha ta baro tukunyar kunu ta tambayi abin da ya sa a matsayin kalmar. Da ya faɗa mata ta sunkuyar da kai, don ita tun da aka kawo ta gidan sunan surukinta bai taɓa fita daga bakinta ba. Ta ciro wayarta ta buɗe hoton da ya turo mata. Ashe tun jiya abin ke cinta, kunya ta hana ta magana.

"Malam ƙarami," ta ce, "sunan Baba ai ba shi da lanƙwasa."

Ya karɓi wayar ya ƙura ido. Ga shi nan ɓaro-ɓaro: Saɗa. Kibod ɗin Hausar da ya yi wa tsalle, duk inda ya danna d sai ya lanƙwasa masa ita, shi kuwa ido ya rufe da murna bai lura ba. A gurbin kalmar sirri kuma ba a ganin baƙaƙe balle ya gane.

Ya danne d a wayarsa har mai ƙugiyar ta fito, ya nemi afuwar Malam a zuci, ya ɓata sunan da gangan. Rumbu ya buɗe. Ya yi kabbarar da sai da kajin tsakar gida suka watse, ya fita da gudu da takalmi wari ɗaya, Nasiha na bin sa da sifika tana dariya.

Aka jona sifika a zaure. Aka ji shuu na tsohon kaset, aka ji gyaran muryar nan da kowa ya sani, sannan Malam ya yi sallama. Inna ta yi sauri ta ja mayafi ta rufe kanta, ta gyara zama.

"Wa alaikumus salam, Malam," ta ce. "Sannu da zuwa."