Baturiyar Da Ta Nemi Ruwa Da Hausa

A lokacin da wannan abu ya same ni, ni ma'aikaciyar jinya ce a Riyad, sabuwar zuwa daga Kano, ga ni da son jin ƙwaƙwaf tun ina ƙarama. Wani gida a unguwar Murabba suka ɗauke ni in kula da mahaifiyarsu, tsohuwar Baturiyar Ingila da ciwon shanyewar jiki ya kwantar. 'Yarta ta gaya mini cewa tun da ciwon ya same ta, Larabci da Turanci duk suka ɓace mata, sai sambatu marasa kan gado. Su dai sun sallama cewa hankali ya gushe.

Ranar nan ina gyara mata filo, sai na ji ta ce in ba ta ruwa, da Hausa tangaran! Saura kaɗan filon ya kuɓuce mini. Na amsa mata, ta ƙura mini ido, ta tambaye ni ko 'yar wane gida ce ni. Ashe mahaifinta ma'aikacin jirgin ƙasa ne a Zariya, uwarta ta rasu tana jaririya, wata Bahaushiya ta goya ta har ta yi wayo. Daga baya aka mayar da ita Ingila, ta koyi aikin ungozoma, ta taho Riyad tun unguwar Ulaya tana filin rairayi, tana bin gidajen ƙasa tana karɓar haihuwa. Nan ta musulunta, ta auri Balarabe, danginta suka yanke ta. Ko 'ya'yanta ba ta taɓa ba su labarin Zariya ba.

Kamata ya yi in garzaya in faɗa wa iyalinta a ranar. Ban yi ba. Na ji tsoron kada su ce ni nake cusa mata magana su kore ni, amma gaskiyar ita ce daɗin labarin ya riƙe ni. Kullum ina son jin yadda ta ƙare da wani ɗan'uwanta da ta baro a Ingila, kuma na san in suka sani, ɗakin zai cika, hirarmu ta ƙare. Sai na riƙa cewa gobe. Ita kuwa 'yar ta rage shigowa, don ba ta iya jure ganin uwar da a zatonta ba ta gane ta.

Ana haka tsohuwa ta cika. Bayan zaman makoki, 'yar ta ja ni gefe, ta ce akwai wani sauti da uwarta ke maimaitawa duk sanda ta shigo, wai auta, ko na san ciwon kan sa mutum haka. Ita ce ƙarama a gidan. Na faɗa mata ma'anarsa, na faɗa mata komai. Ba ta zage ni ba, wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta dai tambaye ni tun yaushe na sani.

Har yau ina nadama. Son jin labari ba laifi ba ne, amma labarin ba nawa ba ne, na masu shi ne. 'Yan'uwana masu aiki a gidajen mutane, in Allah ya sa ku kaɗai ke jin harshen mara lafiya, amana ce aka ɗora muku. Ku isar da saƙo tun mai maganar yana numfashi, don ni na isar da nawa bayan babu wadda za a amsa wa.