Ganyen Dogon Yaro a Littattafan Kawu

Kwanana uku da kama aiki a laburaren kwaleji, ina jera littattafai a kanta, sai busasshen ganyen dogon yaro ya faɗo daga wani tsohon kundi. Na murje shi na sunsuna, sai Kawu ya faɗo mini a rai.

Haka yake yi a garinmu Tsamaye. Da damina ta wuce, zai shanya littattafansa a tabarma, ya cusa ganyen nan a tsakaninsu don ƙwari. Ina da shekara talatin da shida, ban daɗe da shiga ajin yaƙi da jahilci ba, ya kira ni in taya shi. Ɗansa Lawali ya tuntsure da dariya.

"Baba, wagga da ba ta iya rubuta sunanta ba?"

"Kai da ka iya, ka taɓa kakkaɓe su? Zauna, ɗiyata, riƙe mini nan."

Da Kawu ya rasu, Lawali ya garƙame ɗakin littattafan. Shekara tara ina roƙonsa makulli, yana cewa ba harkar mata ba ce. Bara da idona na ga an kwashe rabinsu a kwando an zubar, gara ta mai da su ƙasa.

Ban yafe ba. Ran Juma'a za ni Tsamaye da kwalaye da takardar kwaleji ta neman a kawo littattafan laburare. In ya hana ni sauran, a ƙofar masallaci za a ji abin da ya yi.

Allah ya haskaka kabarinka, Kawu. Lawali kuwa, Allah ya ja kwanansa, ya zo gabana neman izinin karanta littafin ubansa.