Kawu Bature da Zazzaɓin Inji

Kawuna Bature, ƙanen mahaifiyarmu, manomi ne ɗan Maska. A zamanin Shagari ya samu aikin rani a wata 'yar masana'antar gurzar auduga ta Alhaji Abdussamad a Funtua, inda aka ba shi kula da injin wuta. Umarni ɗaya aka yi masa: ya riƙa duban agogon zafi da ke jikin akwatin injin, in allura ta shiga ja ya kashe.

Kawu mutum ne mai riƙon amana har ta yi yawa. Kullum da azahar allura sai ta haye ja, shi kuwa ya kashe inji, aiki ya tsaya cak, motocin auduga na jere a waje. Sai ya ɗauko tuwonsa ya ci. Kafin ya suɗe kwano allura ta sauko, ya tayar. Har ya fara yi wa leburori bayani cewa inji ma ɗan rai ne, yana son hutun rana.

Alhaji bai ga abin dariya ba. Ya ce ko a gano ciwon, ko Kawu ya koma gona.

Aka kira Pius makanike, haifaffen Funtua, wanda Hausa ta fi zama a bakinsa fiye da mu. Ya zo da safe ya duba ruwa, ya duba mai, ya taɓa jikin inji, ya canja agogo. Da azahar sabon ma ya shiga ja. Ya dawo ya canja waya. Haka dai.

Ran nan Pius ya makara, zuwansa ya yi daidai da na Inna Hansai, matar Kawu, ɗauke da kwano naɗe cikin tsumma. Ta wuce kai tsaye ta ɗora shi bisa akwatin, daidai kan wani ɗan ƙarfe da ke auna wa agogon zafin inji, don nan ne kaɗai awaki ba sa kaiwa. Pius na tsaye yana kallon allura tana hawa.

"Malam Bature, mene ne a kwanon nan?"

"Tuwon dawa ne. Bismilla mana."

"Ɗauke shi tukuna."

Kawu ya ɗauke. Jim kaɗan allura ta fara saukowa, inji na ta ruri lafiya lau.

"Ashe tuwonka nake ta yi wa magani!" in ji Pius, ya zauna a ƙasa don dariya.

Kawu ya cire hula ya tafi wurin Alhaji da kansa, yana shirin a sallame shi. Alhaji ya saurara, ya daɗe yana goge hawayen dariya, sannan ya ce mutumin da bai taɓa barin allura a ja ba, ba a korarsa. Ya sa aka kafa katako a bango don ajiye kwanon.

Inna Hansai kuwa ko kunya. Har yau in an taɓo zancen sai ta gyara zama ta ce, "Daga masaukinmu a Unguwar Dahiru nake ɗauko shi a ƙasa, ya iso da zafin da zai tsayar da kamfani. A nuna mini macen da ta iya."