Girkin Sarkin Ingila

Sunansa na yanka Abarshi, mutumin Tajaye, amma a Badaguishiri babu mai kiransa haka sai 'yar'uwarsa Kande da ke aure a nan. Mu Sarkin Ingila muke ce masa, kuma a teburin shayina na bakin tasha aka raɗa masa sunan.

Ya sauka garinmu a shekarar da aka koro baƙi daga Najeriya. 'Yan ci-rani suna dawowa daga su sai tabarma da buta, shi kuwa amalanke biyu suka kwashe masa akwatuna. Ya ce kuku ya yi a gidan wani Bature a Kaduna shekara da shekaru, da mutumin zai koma ƙasarsu ya bar masa duk abin da ke gidan. To, ni na sha jin Turawa sun tafi, ban taɓa jin wanda ya bar wa yaronsa ko cokali ba. Na dai ci gaba da zuba shayina.

A bakin Baturen nan ya ce ya ji labarin wani sarkinsu na da, wanda ba ya maimaita riga, ake yanka masa tantabaru don karin kumallo kawai, ya gina fada a bakin teku don shan iska, ya yi ƙiba har sai an cicciɓe shi ake ɗora shi a kan doki. Mu muna ji muna tir da almubazzaranci, Abarshi kuwa yana ba da labarin idanunsa na ƙyalli. Kullum wuri ɗaya yake tsayawa a labarin: wai ba a taɓa ganin teburin sarkin nan babu baƙi ba. Abin da yake so ke nan a duniya, ya zama maigidan da ake cin abinci a ƙofarsa.

Ya kuwa yi sarautarsa. Duk ranar kasuwa sai ya kayar da rago, ya dafa shinkafa da wata miya da ba mu san sunan ganyenta ba, ya baje tabarmi. Rigar da ya sa da hantsi ba ita ake gani bayan azahar ba, turare kuwa kamar an fasa kwalba. Manoman albasa, 'yan kamasho, masu amalanke, kowa ya zo ya cika cikinsa. Ni ma na ci, kuma hannunsa na da daɗi, wannan ba a musu. Sai dai mutum ba gona, ba garka, ba shago, yana ciyar da rabin kasuwa. Raina bai taɓa kwanciya da abin ba.

Lurwanu, wani manomin albasa, shi ya fara lura cewa Abarshi ba ya zama. A bayanmu yake tsayawa, farin tsumma rataye a hannunsa, yana bin bakin kowa da kallo. Da ranin nan ciwo ya shiga albasar kwari, garkar Lurwanu ta fi ta kowa lalacewa, sai magana ta tashi. Aka ce ba a ciyar da gari a banza, arzikin masu ci yake janyewa ta cikin lomar. In ba haka ba, me ya hana shi ci? Kande ta yi ta rantsuwa cewa yana ci, sai an watse yake shiga ɗakin girki ya ci shi kaɗai. Wannan ma ya ƙara ɓata abin.

Malam Chindo, dattijon unguwarmu, yana ƙaunar mutumin, ya so ya kashe zancen. Wata ranar kasuwa da aka ajiye akushi, ya juya ya ce, "Abarshi, yau kam zamna cikinmu. Sa hannu ka ci mu gani, maganar ga ta mutu."

"Baba," in ji shi, "tun da nif fara girki ban taɓa ci gaban wanda nid dafa ma ba. Maƙogwarona ba ya amsa."

Duk da haka ya zauna. Gumi ya keto masa, ya dunƙula loma ya kai baki, ido ashirin a kansa. Sai ta sarƙe shi. Ya yi ta tari har shinkafar ta dawo a kan babbar rigarsa. Ɗaya bayan ɗaya mutane suka janye hannu, Malam Chindo ma ya nemi takalmansa. Na ga fuskar Abarshi a lokacin, wallahi ya ba ni tausayi. Amma a ce mutum ya kasa haɗiye loma ɗaya ta girkinsa? Har yau ban gama warware wannan ba.

Bai daina nan da nan ba. Kasuwanni da yawa ya dafa, ya sa riga, ya tsaya a bayan tabarmin da babu kowa har la'asar. Akwatunan suka riƙa fita ɗaya-ɗaya zuwa kasuwar Konni, ba su dawowa.

Can wajen shekarar casa'in da biyu ya kafa rumfa kusa da teburina, ya fara sayar da abinci. Tukunyar ita ce, miyar ita ce. Mutanen da suka guje shi suka yi layi, Lurwanu a gaba, wai abin da ka saya da guminka ba ya ɗauke maka komai. Kafin azahar an suɗe tukunya.

Wata rana na ce masa ya gode wa Allah, kasuwa ta buɗe. Ya dubi masu cin, ya daɗe yana dubansu.

"Waɗanga ba baƙina ba na, Halilu. Masu saye na."

Lurwanu ya ƙwanƙwasa kwano bai ko ɗago kai ba, ya ce a ƙaro miya. Abarshi ya ɗauki ludayi ya tafi.