Simintin da Na Shafa wa Ƙofar Yamma

A shekarun da arzikin mai ya fara shigowa ƙasar nan, babu abin da muke ganin girmansa kamar siminti. Mutum ya samu buhu ɗaya ya shafe ƙofar gidansa, sai ka ga tafiyarsa ma ta canza. Ni kuwa a lokacin ina sashen ayyuka na ƙaramar hukumarmu, da ɗan karatuna na makarantar koyon sana'a, da sabon babur, da biro uku a aljihun gaba. Da ka tambaye ni, da na rantse maka babu ciwon da siminti ba ya warkarwa.

Garinmu yana tsakanin Batsari da Safana. Tsohon gari ne mai ganuwa, sai dai ganuwar ta daɗe da komawa gona. Abin da ya rage shi ne ƙofar yamma, wani katafaren zaure na ƙasa mai rufin azara, wanda kakanninmu suka gina a zamanin hare-hare. Ta cikinsa shanu ke fita kiwo. Ranar kasuwa matan Fulani na sauke ƙoren nono a inuwarsa, mutanen Zakka da Babban Duhu na ɗaure jakunansu a gefe.

Kowace shekara, bayan an kai amfanin gona gida, gari yakan yi gayyar yaɓe. Mata su ɗebo ruwa, maza su taka ƙasa da ƙafa, a jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa da ake haɗawa don kada ruwa ya ci bango, a yi wa ƙofar sabon yaɓe daga sama har ƙasa. Mai jagorancin aikin shi ne babban maginin garin, wani dattijo gajere mai faɗin tafin hannu. Shi ne kuma surukina, domin 'yarsa nake aure. Tsakanina da shi sai gaisuwa a durƙushe, ido na kallon ƙasa. Tun da na auri 'yarsa ba mu taɓa yin doguwar magana ba.

Wata rana takarda ta zo daga sama, cewa kowace ƙaramar hukuma ta lissafa kayan tarihin da ke ƙasarta, ta kuma faɗi yadda za ta kula da su. Aka kafa kwamiti, aka sa ni ciki saboda ni ne wai masanin gini. Ban ɓata lokaci ba na zana tsari: a shafe ƙofar yamma da siminti ciki da waje, a kewaye gefenta da waya, a kafa allo a rubuta cewa hukuma ta hana taɓa ginin. Gayya kuwa a daina, don a ganina hannun mutane ne ke ɓata tarihi. Ciyaman ya yaba, sakatare ya buga hatimi. Na koma gida ina jin kamar ni na gina ƙofar.

Surukina bai ce mini komai ba. Ba zai ce ba, kunya ba za ta bar shi ba. Sai matata ce ta dawo daga gidansu da yamma, ta ajiye mini tuwo, ta ce:

“Malam, Baba ya ce in gaishe ka. Ya ce wai in hwaɗa maka, ƙasa da siminti ba su zama gida ɗaya.”

Na yi dariya na ce tsofaffi ke nan, duk abin da ba su saba da shi ba sai su ce ba shi da kyau. Ta ce ita dai saƙo aka ba ta, ta kuma isar.

Daminar farko ƙofar ta yi kyau, ba ƙarya. Fes da ita, toka-toka, har baƙi daga birni suka zo suka ɗauki hoto, ni ma na tsaya a gefe aka haɗa da ni. A damina ta biyu na fara ganin 'yan tsage-tsage a saman bango, na ce ba komai. Da rani ya shigo, wata ranar kasuwa ina ofis aka zo aka ce mini simintin kusurwar arewa ya ɓanɓaro ya faɗi, saura kaɗan ya danne wata mai nono. Na hau babur na je. Na leƙa inda simintin ya faɗi. Ruwa ya bi ta tsagar ya shiga bayan simintin, ya rasa hanyar fita, ya zauna yana cin bangon a ɓoye. Ƙasar ciki ta ruɓe, gara ta yi gida, in ka sa hannu sai ta zubo kamar gari. Ginin da ya ga kakan kakana bai girgiza ba, ni na kusa kayar da shi cikin shekara biyu. Gyaran gangar Auzinawa na yi.

Abin ya zo daidai da lokacin da ake shirin fitar da sabuwar hanyar mota ta yamma. Nan da nan wasu a kwamiti suka ce faɗuwa ta zo daidai da zama: tunda ƙofar ta lalace, a sa katafila ta ture ta, hanya ta wuce miƙe, a gina wata ta bulo daga baya. Aka sa zama ranar Alhamis don a yanke hukunci. Na san in aka rushe ta, har in mutu za a riƙa nuna ni ana cewa ga wanda ya ci ƙofar yamma. Abin da ya fi wannan ciwo, ni da kaina na san gaskiya za su faɗa.

Kwana biyu ina juya maganar, a na uku na tafi gidan surukina bayan la'asar. Na cire takalmi tun daga nesa, na durƙusa a bakin zaurensa. Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, ya tambayi aiki, ya tambayi iyali, ya tambayi zafi, kamar bai san abin da ya kawo ni ba. Da gaisuwa ta ƙare na rasa ta inda zan fara, sai kawai na ce, “Baba, na yi ɓarna.”

Ya gyara zama. Sannan ya ce, “Na je na gani. Na ƙwanƙwasa ta ko'ina. Kusurwa ɗaya ta ruɓe, amma tubalin ciki na nan da ƙarhinshi, azara ma ba ta taɓu ba. In an ɓanɓare abin nan naku kahin ruwa ya sauka, ta sha iska, za ta tashi.”

Ashe tun ranar da simintin ya faɗi yake zuwa da sassafe, yana ratsa wayar da na sa, yana bin bangon da bayan yatsa yana saurare. Bai ce mini ai na gaya maka ba. Da ya faɗa ma da na fi samun sauƙi.

Ranar Alhamis na roƙi ciyaman ya bari dattijon ya shigo zaman. Wani kansila ya ce wannan zaman hukuma ne, ba na magina ba. Na miƙe na ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi: ni na kawo shawarar siminti, ni na hana gayya, kuma kuskure na yi. Kowa ya juyo yana kallona, don ba a saba jin ma'aikaci ya faɗi haka da bakinsa ba. Aka shigo da surukina. Ya ƙi hawa kujera, ya zauna a ƙasa, ya kwance wani tsumma ya fito da abu biyu. Ɗaya gutsuren siminti ne da ruɓaɓɓiyar ƙasa manne a bayansa, ɗaya kuma tsohon tubali ne da ya zaro daga cikin bangon. Ya miƙa wa kansilan nan tubalin.

“Ranka ya daɗe, hwasa mani wanga.”

Kansila ya matsa da hannu, ya buga a ƙasa, tubali ko gezau. Aka fashe da dariya, har shi kansa. Dattijon ya ce, “Haka cikinta yake duka. Mu munka san ciwonta, ku ke da takarda. Ku ba mu izini kawai.”

Ba a ranar aka gama ba, sai da aka yi zama biyu ana ja-in-ja. A ƙarshe aka yarda hanya ta ɗan karkata ta bi ta kudu da ƙofar, manyan motoci su daina kusantar ta. Aka cire waya, aka tumɓuke allon. Aka rubuta a tsarin hukuma cewa babu mai ƙara taɓa ginin da wani sabon abu sai an ji ta bakin maginan gari, hukuma kuma za ta riƙa kawo ƙasa da tifa. Ni na rubuta wannan da hannuna, da biron da na rubuta na farko.

Sati uku muka yi muna ɓanɓarar siminti. Ranar gayya gari ya fito kamar ana jiranta, har wasu Fulani daga wajen Yasore suka kawo ruwa a kan jakuna. Na naɗe wando na shiga cikin masu taka ƙasa, abokan wasana suna ta tsiya wai injiniya ya koma makaranta. Surukina ya sake ɗora kusurwar arewa tubali bisa tubali, ya ƙi yarda a yi sauri. Duk da haka hankalina bai kwanta ba, don shi da kansa ya ce ba a sanin gini ya kama sai ruwa ya gwada shi.

Ruwan farko mai ƙarfi ya zo wata Laraba da azahar, da iska kamar za ta ɗauke rufin ofis. Ban jira ruwan ya ɗauke ba, na fita a guje na nufi ƙofar yamma. Na tarar da dattijon ya riga ni, yana tsaye cikin zauren, rigarsa sharkaf. Muka tsaya gefe da gefe muna jin ruwa na dukan bango, indararo na zubarwa waje. Da ya tsagaita ya zaga kusurwar arewa, ya dafa ta da tafin hannu, ya danna, ya duba hannunsa. Babu abin da ya biyo shi sai danshi.

Ya juyo ya dube ni ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba.

“Ta kama,” in ji shi. “Baɗi kai za ka kira gayya.”