Katifu Huɗu a Falonmu na Abu Hail

Shekarun baya, lokacin da muke zaune a Dubai, gidanmu ɗaki ɗaya ne da falo, a hawa na uku na wani tsohon bene a Abu Hail. Maigidana aikin kago yake yi, wato shi ke haɗa kayan da 'yan kasuwar Kano suka saro ya tura musu gida. Duk wadda ta auri ɗan kago ta san falonta ba nata ba ne. Yau kwalayen takalma ne jibge har sun kusa taɓa fanka, gobe wata Hajiya ce ta zo saro abaya ta ga kwanan otal asara ne alhali ga 'yar gida. Ni kuwa a lokacin daɗin abin nake ji. A Kano ana cewa gidana gidan karamci ne, ni kuma Allah Ya yi ni da son yabo. Wannan ko a gaban alƙali ba zan musa ba.

'Yata tana da shekara tara a lokacin, ita kaɗai gare mu. Ita kaɗai ce kuma Bahaushiya a ajinsu, sauran duk 'ya'yan Indiyawa ne da 'yan Pakistan da 'yan Sudan. Yarinya ce mai shiru-shiru, irin wadda sai ka manta tana ɗaki. Sai da ta shekara biyu a makarantar nan tana cin abincinta ita kaɗai kafin Allah Ya haɗa ta da ƙawaye uku: biyu 'yan Indiya, ɗaya 'yar Sudan. Yaran suna da wata al'ada. Ranar Alhamis, tunda Juma'a ba makaranta, sai su taru a gidan ɗaya daga cikinsu su kwana, kowacce da matashinta, a yi kallo, a yi ciye-ciye, a yi ta surutu. Da farko na ce ban san wannan ba, a garinmu yaro gidansu yake kwana. Da naci da hawaye dai na bar ta ta je, bayan na yi wa iyayen tambayoyi kamar 'yar sanda. Duk lokacin da ta dawo sai in ga kamar an canza min ita, bakinta ba ya rufuwa.

Wata rana ina yanka albasa ta zo ta tsaya a bakin kicin ta ce, "Umma, kowa ta yi. Saura ni."

Na yi dariya na ce, "A ina za su kwana? A kan kwalayen Abbanki?"

Ba ta yi dariya ba. Ta ce ɗaya daga cikinsu ta tambaye ta ko da gaske muna da gida, tunda ba wadda ta taɓa ganinsa. A nan na ajiye wuƙar.

Sati uku muka yi muna shiri. Maigidana ya yarda ya kwashe kwalayen ya kai sito, ya kuma yarda shi kansa ya kwana a ofishinsu na Al Muraqqabat a daren. Dalili kuwa, uwar yarinyar nan 'yar Sudan ta kira ni ta yi min irin tambayoyin da na yi mata: wa da wa za su kwana a gidan, akwai namiji, akwai baƙi? Na ce mata daga ni sai yara, har da wallahi. Na je Al Satwa na sayo ƙananan katifu huɗu, na ba wani tela ya ɗinka rigunan matashi, kowacce da kalar da 'yata ta zaɓa mata. Ta yanka kwali ta rubuta sunan kowacce da fensir mai kala don a ɗora a kan matashinta. Ta manna takarda a jikin firji, kullum da safe sai ta soke rana ɗaya. Ta ce in koya mata cincin don ta ce musu da hannunta ta yi, ta kuma ce in yi musu lalle. Ku ji ƙarfin hali, ni ce zan yi wa 'yar Sudan lalle. Har gwaji na yi ta yi a hannun maƙwabciyata don kada in ji kunya.

Ana gobe abin, tana murza cincin, ta ɗago kai ta ce, "Umma, ba baƙon da zai zo ko?"

Na ce, "Ko waye ya zo, otal zai nufa. Na yi miki alkawari."

Ta san gidan da take, shi ya sa ta tambaya. Ni ma na sani, shi ya sa bai kamata in amsa da sauri haka ba.

Ranar Alhamis ta dawo daga makaranta ko abinci ba ta ci ba. Muka hura balan-balan, muka jera katifun nan huɗu a falo, ta ɗora sunayen, ta sa sabuwar rigarta. Ƙarfe biyar aka ce yaran za su zo. Ana idar da la'asar aka danna ƙararrawa, ta ruga da gudu ta buɗe, tana zaton wata ce ta yi sammako.

Goggona ce, da mata uku 'yan kasuwarsu, daga filin jirgi kai tsaye, da jakunkuna kamar masu ƙaura.

Bari in gaya muku wace ce Goggo. Ƙanwar mahaifina ce, ita ta riƙe ni tun ina shekara shida da mahaifiyata ta rasu. Ita ta yi min kitso, ita ta kai ni makaranta, ita ta aurar da ni. Kuma Goggo ba ta yin waya kafin ta zo, a ganinta mai zuwa gidansa ba ya neman izini.

Tana shigowa ta tsaya cak tana kallon falon. Sai ta tafa hannu ta ce, "Lale! Wa ya tsegunta miki muna tafe? Ku duba min nan, har mu huɗu ta lissafa!" Ta juya wajen matan ta ce, "Ban gaya muku ba? Kuna ta otal, otal. Tarbiyyata ce wannan!" Ta ɗaga hannu ta shiga sa min albarka, su kuma suna amin. Kafin ta shafa, ɗaya daga cikinsu ta riga ta zube a kan katifar 'yar Sudan, ta ɗauki kwalin sunan tana fifita da shi.

'Yata tana tsaye a bakin ƙofa. Ni kawai take kallo.

Magana ɗaya ce ta rage min in yi: Goggo, yau ɗaya dai yara ne za su kwana, bari in kira maigidan ya kai ku masauki, gobe da safe in zo in ɗauko ku da kaina. Akwai otal a bayan layinmu, da ƙafa ma ana zuwa. Maganar ta zo har bakina. Sai na hango Kano. Na ji yadda matan nan uku za su ba da labarin a kasuwa da gidajen biki: ta je Dubai ta zama Baturiya, ta kori wadda ta raine ta saboda 'ya'yan Indiyawa. Na kalli Goggo tana washe baki a gaban ƙawayenta da ta gama yi wa alfahari da ni.

Na ce, "Sannunku da zuwa, Goggo. Ai gidanku ne."

Na ja 'yata ɗaki na rufe ƙofa. Na ce ta yi haƙuri, wani satin za a yi, wanda ya fi wannan ma.

Ta ce, "Umma, kin yi alkawari."

Na ce, "Goggo ce fa."

Shi ke nan hujjar da na ba ta. Na ɗauki waya na kira iyayen Indiyawan biyu na ce zazzaɓi ya rufe yarinyar, kada su zo. Gaskiya ba za ta faɗu ba, don da bakina na rantse wa uwar 'yar Sudan ba baƙi, iyayen kuma suna magana da juna. Uwar 'yar Sudan kuwa wayarta ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba, ashe sun riga sun kamo hanya. Sai na ce wa 'yata ta hau gado ta lulluɓa, kada ta kuskura ta fito. Ta hau da sabuwar rigarta, ta juya fuskarta bango.

Da suka iso na buɗe ƙofar kaɗan na tsaya a tsakiya, na tare da jikina. Uwar tana riƙe da tiren basbusa, wani kek ɗinsu mai zaƙi, yarinyar kuma ta rungume matashinta da 'yar jakarta a baya. Na sake zuba ƙaryar, da Larabcina na kasuwa da Turancina na sakandare. Matar ta dafa ƙirji tana ta yi mata addu'ar samun sauƙi. Yarinyar ta ce ko za ta shiga ta gaishe ta, na ce a'a, kada ta ɗauka.

Daidai nan Goggo ta ɗaga murya daga falo: "Ina ƙawata? Ke ƙawata! Kin shige ɗaki kamar amarya, zo ki kawo mana ruwan sanyi mana!"

Ni na koya wa yarinyar nan cewa babba ba ya kira sau biyu. Ta kuwa fito. Ta wuce ta bayana zuwa kicin, ta dawo da jug a hannu, ras da ita, ba alamar zazzaɓi. Na juya don in kare, ƙofar ta ƙara buɗewa. Ga balan-balan, ga mata huɗu baje a kan katifu, sun cire mayafi suna cin cincin. Yaran biyu suka haɗa ido. Ban taɓa ganin fuskar 'yata haka ba, kuma ba na fatan in sake gani.

Da matar ta zage ni da na fi samun sauƙi. Ba ta yi ba. Ta miƙo min tiren ta ce, "A ba marar lafiya." Ta kama hannun 'yarta ta ce mata da Larabci su tafi: "Yalla, habibti." Ina jin takunsu har suka sauka daga benen. Basbusar ma su Goggo ne suka cinye da shayi, suna cewa Larabawa akwai son sukari.

Kwana tara suka yi. Maigidana da ya yi shirin kwana ɗaya a ofis sai da ya yi tara. Da na ba shi labari sai ya ce, "Da kin kira ni ai. Laifin sai ya zama nawa, ni suruki ne, a zage ni a gama." Ban ma tuna da hakan ba. Ko kuwa na tuna, Allah Ya sani, amma yabon nan da ake ta zuba min ya yi min daɗi.

Da aka koma makaranta labari ya riga ta isa. Sunanta ya koma maƙaryaciya, ita da ba ta yi ƙarya ba. Ba a sake gayyatarta kwana ba, ta koma cin abincinta ita kaɗai. Ba ita ta gaya min ba, malamarsu ce ta tare ni a bakin get take tambaya ko lafiya. Bayan su Goggo sun tafi na ce mata mu sake shiri, ni zan bi iyayen gida-gida in ba su haƙuri. Tana rubutu a littafinta, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Bar shi, Umma. Khalas." Wato an gama, kamar yadda Larabawa ke cewa. Takardar jikin firji ma ban san lokacin da ta cire ta ba. Katifun kuwa sun yi amfani sosai, shekara da shekaru baƙi na kwana a kansu.

Abin da na saya da wannan rana na same shi, ba zan ce an cuce ni ba. Goggo ta koma Kano ta baza labarin katifu huɗu. Har ta koma ga Allah, ba bikin da za mu haɗu ba ta ja hannuna ta ce, "Wannan ce, tun kafin mu sauka daga jirgi ta yi mana shimfiɗa." Ni kuma in sunkuyar da kai ina murmushi. Ban taɓa gaya mata gaskiya ba. Ba na jin haushinta, Allah Ya ji ƙanta, ba ta san komai ba. Da na faɗa mata ma wataƙila ta yi fushin kwana biyu ta huce. Haushin kaina nake ji. Na tsaya tsakanin tsohuwar da za ta iya yi min surutu da yarinyar da ba za ta iya ba, sai na zaɓi in ɓata wa wadda za ta yi shiru.

Mun daɗe da dawowa gida. 'Yata ta yi aure, tana Kaduna, 'yarta ta fari ta kai shekara takwas. Ba ta taɓa tayar min da maganar nan ba, ko sau ɗaya. Tana min biyayya, tana min hidima, har na fara ɗauka ta manta.

Bara, wata Alhamis, na haɗa jakata na soya cincin, sannan na kira ta na ce gobe Juma'a ina tafe, zan yi musu sati.

Cikin ladabi ta ce, "Umma, ban da gobe. Ƙawayen jikarki za su kwana a nan, ɗakin da kike sauka nan na shirya musu. Na yi mata alkawari. Ki bari sai Asabar, ni da kaina zan zo in ɗauko ki."

Raina ya sosu. Ban san lokacin da na ce, "Ni ce fa."

Ta ce, "Na sani, Umma."

Na ajiye wayar na zauna a bakin gado kusa da jakar da na riga na zuge. Na so in yi fushi, na rasa ta inda zan fara. Maganar da ta gagare ni a gaban Goggo, ita ta faɗe ta cikin numfashi ɗaya. Kuma ni ta faɗa wa.